Alu da mutum goma sha ɗaya da ƙoshi ya kashe

Alu ɗan Tawa ne, amma tun yana saurayi Yamai ta riƙe shi. Da safe yana buga takardu a wani biro, wato ofishin gwamnati, a unguwar Kalley. Da la'asar ya koma Wadata, ya shimfiɗa tabarma bayan shagon wani tela, ya yi ta rubuta littafin labari. Ya rubuta huɗu. Uku suna cikin akwatin matarsa Balkisa, inda ta ce ko ɓera bai nuna sha'awarsu ba.

In ka tambaye shi siyasa, sai ya ce shi ba shi da ra'ayi, soja sun ɗauke masa wannan nauyi. Na sha jin haka daga bakinsa, ko gira ba ya ɗagawa.

Na huɗun ya rubuta shi a shekarar fari, lokacin da mutanen karkara suka cika bakin gari da bukkokin kwali. Labarin wani ƙauye ne da ruwa ya ƙi, mutum goma sha ɗaya suka mutu. Kafin a buga sai da aka kai wa wani ajidan na soja, Mumuni, wanda aikinsa karatu da jan alƙalami.

Bayan sati biyu ajidan ya sa aka kira Alu.

"Malam Alu, wa ya gaya maka yunwa na kisa a ƙasar nan?"

"Ba kowa, mon ajidan."

"To je ka gyara. In ka dawo da shi haka, ba littafin kaɗai za mu riƙe ba."

Balkisa ta ce ya sa shi a akwati wajen ƴan'uwansa. Alu ya ƙi. Ya zauna kwana tara a kan tabarmar nan. Bai ceci ko mutum ɗaya ba, dalilin mutuwar kawai ya sake. Wata tsohuwa tuwo ya yi mata yawa. Makiyayi ya sha nono har ya kasa tashi. Yara cikinsu ya kumbura don fura. Shanu suka kwanta a hanya saboda ƙiba, ungulaye suka sauko taya su murna.

Na ce masa, "Alu, ɗaure ka za a yi."

Ya ce, "A kan me? Ai yabo ne."

Da Alu ya mayar da littafin, ajidan ya karanta a gabansa, shafi bayan shafi, jan alƙalami a hannu, bai ɗora shi kan takarda ba. Da ya gama, ya koma shafin tsohuwar, ya daɗe a nan.

"Wannan tsohuwa, shekarunta nawa?"

"Saba'in, mon ajidan."

"Innata ma wajen haka take. Watan jiya ne, can ƙauye." Ya ajiye alƙalamin. "Ita ma ƙoshi ne."

Alu ya ce, "Allah ya jiƙanta."

"Amin."

Ajidan ya buga hatimi, ya miƙa masa littafin, ya ce ya ja ƙofa in ya fita.