Motar Haruna a Cikin Motar Yayansa

Har yau ranar da Malam Isa ya shigo garejinmu na Yelwa da motoci biyu ba ta fita raina ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu Jihar Kebbi ba, ni ne babban bakanike a ƙarƙashin maigidanmu, marigayi Baba Audu. Hadari ya fara haɗuwa, amma ruwa bai sauka ba tukuna.

Malam Isa dillalin kifi ne, yana ɗauko banda daga ƙauyukan bakin ruwa ta wajen Wara ya kawo kasuwar Yelwa. A-kori-kurarsa lafiyayya ce, sai dai tayoyin baya kaɗai ke ja. Wadda ya jawo da igiya a baya kuwa fowil ce, wato mai ja da tayoyi huɗu, amma kanta ya lotse, shasin ya karkace, injin ya fashe.

Ya ce, "Baba, so nike a cire ƙafafun wagga a sa ma tawa."

Baba Audu ya zagaya motocin, ya girgiza kai. "Isa, wanga aiki ba wasa ba ne. In aka kuskure sitiyari, rai za a ɗauka. Ka yi haƙuri da motarka har rani ya dawo."

Sai Malam Isa ya faɗa mana dalili. Motar da ta lotse ta ƙanensa Haruna ce, a cikinta ya rasu watannin baya. Ita kaɗai ke iya shiga ƙauyensu da damina, don hanyar fadama ce, kuma in iska ta tashi a tafkin da ƙauyen ke bakinsa ba mai saka marar lafiya a jirgin ruwa. Haruna ya bar matarsa Hajara da ciki, za ta haihu tsakiyar damina, ungozoma kuwa ta riga ta ce haihuwar ta asibiti ce.

Baba Audu ya dube ni ya ce, "Ajiye abin da kake yi."

Ga wanda bai san aikin ba, ba aksul kawai, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ake ɗaurawa a gaba a ce an gama ba. Sai da muka sauke duk ƙafar gaban motar Malam Isa, mai walda ya yi wa shasin sababbin mazaunan sifirin. Muka ɗauko giyabos ɗin motar Haruna tare da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, muka rage tsawon farfelar baya, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin ga tayoyin baya. Aksul ɗin baya ma na Haruna muka sa, domin in haƙoran giyar aksul ɗin gaba da na baya ba su zo ɗaya ba, tayoyin za su riƙa kokawa da juna har wani abu ya karye. Sitiyarin ne ya fi ba mu wuya. Mun ɗaura mun kwance ba adadi, Baba Audu bai yarda ba sai da ya tuƙa da kansa ya ji ba ta fizga.

Malam Isa kullum yana nan a kan benci, ba ya gaggauta mu. Ranar da na huda ƙasan motar na fito da ƙaramin sandan giyar fowil, na ce masa zan sa wa sandan sabon kai, don tsohon ya goge har lambobin sun ɓace. Ya shigo ya ɗora tafinsa a kai.

"Bar shi haka," in ji shi. "Hannun Haruna ne ya cinye shi."

Na fita na ba shi wuri.

Mun gwada motar a laka bayan ruwan farko, ta fita ba gardama. Duk da haka Malam Isa ya roƙi Baba Audu in lokaci ya yi a ba shi ni, don bai saba da fowil ba. Wata safiya cikin watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, sai ga saƙo cewa Hajara ta fara naƙuda. Ni da Malam Isa muka kama hanya. Da muka iso fadamar, ruwa ya shafe sawun hanya gaba ɗaya, tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya. Na sauka na kulle tayoyin gaba, na ce masa ya ja sandan, kada ya taka wuta da yawa. Motar ta yi nishi, ta ɗaga hanci, ta fita a hankali.

A dawowa, Hajara na kwance a baya bisa katifa, surukarta na riƙe da kanta. Ina jin tsohuwar tana cewa, "Sannu ɗiyata, mun kusa." Malam Isa ya yi ta tuƙi har muka shiga ƙofar asibiti. Kafin la'asar aka yi wa Hajara aiki, aka ciro ɗiya mace, uwa da ɗiya lafiya. Da ya fito ya gaya mini, ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya.

Tun daga ranar na daina yanke wa mutum hukunci daga kallon motarsa. Ku masu gyaran mota, in wani ya kawo muku aikin da kuka ga kamar ba shi da kan gado, kafin ku ce ba zai yiwu ba, ku ba shi wurin zama, ku tambaye shi ina zai je da motar, kuma wa ke jiransa a can.