Kawu Ari da Kangayen Tanut

Ku da kuka san Kawu Ari, wan mahaifiyata, kun san da an sallame la'asar zai ɗauki sandarsa ya nufi tsohuwar unguwar Tanut. Zaure-zaure yake bi, kango-kango, yana shafa bango, kuma ko'ina sai ya yi sallama. Ko gidan da rufinsa ya rufta tun muna lakwal, 'yan makaranta!

Wata rana na raka shi. Ya tsaya ƙofar wani kango ya rangaɗa sallama, sai akuya ta yi kuka daga ciki.

"Ka ji ko, Mushe?" in ji shi, don haka yake kirana, wato malam da Faransanci, tun da na fara koyarwa. "Ta fi ɗalibanka tarbiyya."

Da gwiwa ta fara damunsa, muka matsa masa ya hau kabu-kabu. Ya hau fa. Suna shiga lungu ya ce wa mai babur, "Kashe injin nan, sauka ka tura."

"Haba Kawu, in tura?"

"To a guje wa zai ga zanen bango? Kai iska ka ɗauko ko mutum?"

Wayyo, bawan Allah ya dawo jiƙe da gumi, ya rantse ko a hanya ya hango Kawu zai canza lungu.

Sai rigimar Alhaji Sanda, ɗan kasuwar da ya sayi tsohon gidan fatake zai rushe ya gina shaguna. Kawu ya kwashi tabarma da buta ya tare a zauren.

"Kawu, gidan nan fa nawa ne yanzu," in ji Alhaji.

"Naka? Zauren nan ya sauki raƙuman Agadas kakanka bai yi haƙori ba!"

An rushe dai. Kawu ya sa aka ɗauko masa ƙyauren, ya kafa shi tsakar gidansa, ba bango ba ɗaki. Wanda ya zagaye shi kuwa ya shiga uku: "Koma ka biyo ta ƙofa, ba a daji kake ba!"

Mu dariya muke yi. Sai a fitarmu ta ƙarshe, ya zauna a dakalin wani gida da ba kowa.

"Nan muke cin tuwo da Bukar da Ilu," ya ce. "Duk sun tafi. Ka san garin nan kaf babu sauran mai ce mini Ari? Kowa Kawu, Kawu. Har liman."

Na kama hannunsa muka koma gida a hankali. Damina ba ta zagayo ba ya rasu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sada shi da abokansa, su kira shi da sunansa. Amin.