Kwalbatin Bakin Burtali

Tun ina ƙarami an san ni da taurin kai, kuma karatun injiniya bai rage mini komai ba, sai ma ƙari da ya yi. Shekarar da na kama aiki a sashen ayyuka, ina da na'urar awo mai ƙafa uku, da ɗan littafi mai koren bango da nake zuba lambobi a ciki, da farar hular kwano wadda ko a cikin mota ba na cirewa. In na tuna yadda nake taku a lokacin, har yau sai kunya ta kama ni. Allah dai Ya yafe mana ƙuruciya.

Aikin farko da aka damƙa mini kacokan shi ne wata hanyar jar ƙasa da za a ɗaga daga wajen Gagarawa Tasha zuwa wani ƙauye, inda motocin hatsi ke kafewa duk damina. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce me ke da wuya a nan, ƙasa shimfiɗe, yashi ko'ina, ba dutse ba kogi. To ai nan wahalar take. Inda akwai kogi kowa ya san inda zai sa gada. Mu kuwa da rani ba ka ganin alamar inda ruwa ke bi. In ka ɗaga hanya da ciko, ka gina wa ruwa katanga ke nan, in kuma ba ka bar masa ƙofa daidai inda yake zuwa ba, sai ya juya ya nemi gidajen mutane. Ƙofar ita ce kwalbati. Guda ɗaya aka amince a yi a gefen ƙauyen, kuma ni ne zan ce ga inda za a kafa shi.

Na yi awona tsakiyar rani. Na bi layin hanyar tiryan-tiryan, ina kafa na'ura ina rubutawa, har lambobi suka nuna mini wurin da ya fi ko'ina kwari, kusa da wata tsohuwar tsamiya. Na sa aka buga fegin katako a wurin don alama, na shafa masa jan fenti da hannuna, na koma ofis na yi zane mai kyau na sa hannu. Ogana, shugaban sashenmu, ya duba ya ce madalla.

Foman ɗinmu, wato shugaban leburori da birkiloli, wani dattijo ne dogo siriri, Bafulatani, wanda ya yi kiwo har gemu ya fito masa kafin ya shigo aikin hanya. Kowa Baba yake ce masa. Bai iya karanta zane ba, amma in ya ɗebi kankare a shebur ya kalla, zai gaya maka ko an rage siminti. Ranar da na nuna masa fegina, ya zagaya shi sau biyu, ya ɗan taɓa shi da ƙafa.

"Injiniya," ya ce, "shi ruwan an sanar da shi wannan fegin kuwa?"

Leburori suka kwashe da dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Baba, in da magana ka faɗa, ban zo wasa ba."

Sai ya nuna mini gabas da haɓa. Can kamar taku ɗari biyu daga tsamiyar akwai burtali, hanyar shanu ke nan da ke ratsa gonaki, an shinge ta dama da hagu da aguwa don kada dabbobi su yi ɓarna. Daidai inda burtalin ya gamu da layin hanyarmu, nan gidajen ƙauyen suka fara. Gidan farko na wata tsohuwa ne da muke kira Inna, ɗaki biyu na ƙasa da rumbu, an kewaye da zana. Kullum da hantsi takan aiko mana da fura a ƙwarya, ba ta taɓa yarda an ba ta ko sisi ba.

"Ta can yake zuwa," in ji Baba. "In ka toshe can ka buɗe nan, ɗakin Inna zai fara sha."

Na buɗe masa littafina, kamar zai karanta. Na ce ruwa kwari yake nema, ga lambobi, bakin burtali ya fi gindin tsamiya tudu. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," ya ce. "In ya samu hanyar zuwa kwarin ba."

Wannan "ranka ya daɗe" ɗin ita ta ƙara hasala ni, don na san ba girmamawa ba ce, lallashi ne irin wanda ake yi wa yaro mai rigima. Na rufe littafi na ce a fara haƙa gobe, a gindin tsamiya.

Aka haƙa kuwa. Baba bai sake musa mini ba ko sau ɗaya. Amma daga ranar da rami ya kammala, aiki ya koma tafiyar hawainiya. Yau ya ce yashin da tifa ta kawo akwai laka a ciki, a mayar. Gobe ya ce katakon da kafinta ya haɗa ya karkace, a kwance a sake. Jibi rodi ne ba a lanƙwasa daidai ba. Abin haushin, duk abin da ya nuna in na duba sai in ga da ɗan gaskiyarsa, ba dama in ce ƙarya yake. Ga bazara ta kankama, zafi kamar a kan tanda, hadari na haɗuwa da yamma yana bajewa, ni kuma so nake a zuba kankare kafin ruwa ya sauka. Mako biyu muna wannan jan ƙafa. Wallahi har abinci ya daina yi mini daɗi.

Ran da haƙurina ya ƙare, na zauna na rubuta takardar ƙorafi. Na ce foman yana kawo wa aiki cikas da gangan, ba ya bin umarni, a canja mini wani. Na kai wa oga a Gumel hannu da hannu. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ka san in na sa hannu a wannan, dattijon nan gida zai koma?" Na ce na sani. Ya jefa ta a aljihun tebur ya ce zai duba. Na fito ina jin na yi maganin abin, ban kuma gaya wa kowa ba.

Kwana huɗu bayan nan ruwan shuka ya sauka. Muna wurin aiki, bayan la'asar, iska ta taso, kowa ya ruga ƙarƙashin rumfar da muke ajiye siminti. Ba wani ruwa ne na a zo a gani ba, bai kai awa ɗaya ba. Tun bai gama ɗaukewa ba Baba ya miƙe, ya naɗe ƙafar wandonsa.

"Injiniya, cire takalman nan ka zo mu taka."

Na so in ƙi, amma leburori na kallo, sai na bi shi. Muka fara zuwa gindin tsamiya. Ramin da na sa aka haƙa yana nan, ruwan da ke ciki bai rufe idon sawu ba, wanda ya faɗo daga sama ne kawai. Ko ɗigo bai gangaro daga gonaki ba. Baba ya wuce gaba.

Tun kafin mu isa burtali na fara jin ƙararsa. Innalillahi! Hanyar shanun nan da na tsallaka ya fi sau hamsin da rani, busasshiya ƙamas, ta zama rafi. Jan ruwa ne ke tahowa da gudu, ɗauke da kashin shanu da karan dawa da ledoji, yana dukan cikon da muka fara zubawa, yana juyawa kai tsaye ya nufi zanan Inna. Ita kuma ga ta a ƙofar gida, zani a ɗaure, tana kwasar yashi da tsohon faranti tana tarewa. Tsohuwar da ke ba ni fura kyauta. Kuma wannan ruwan farko ne, ciko bai kai rabi ba. Na tuna ruwan marka da ke tafe.

A nan tsaye cikin ruwa na gane abin da na yi. Na auna layin hanya kaɗai, ban fita gefe na auna gonaki ba. Shekara da shekaru iska na tara yashi a gindin aguwar nan har ta zama gaɓa dama da hagu, kofaton shanu kuma na daddaƙe tsakiya yana zurfafa ta. Duk ruwan gonakin da ke sama in ya faɗa burtali ba ya fita, sai ya biyo shi har ƙasa. Kwarina na gindin tsamiya kwari ne na gaskiya, sai dai ruwa ba shi da ta inda zai je masa.

Muka sa leburori suka yanke cikon da shebur a bakin burtali, ruwa ya samu ya wuce. Da muka koma gefe, na kasa haɗa ido da Baba. Shi ya fara magana, ƙasa-ƙasa yadda ba wanda zai ji.

"Mu a da ba ma zuba kankaren kwalbati sai mun ga ruwa ɗaya da idonmu. In ka je wurin oga, ka ce ni na haƙa ramin ba inda ka nuna ba. Ni tsoho ne, faɗa ba ya kashe ni. Kai yanzu ka fara."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, Allah Ya taimake ni fuskata a jiƙe take da ruwan sama. Na ce, "A'a Baba, wannan kam ba za a yi ba."

Washegari da sassafe na isa Gumel. Na gaya wa oga komai, na ce zanen da na sa wa hannu kuskure ne. Ya yi mini wankin babban bargo, kuma na cancanta. Da ya gama na ce ina roƙon a ba ni takardar ƙorafina. Ya miƙo mini, na yayyaga ta a bakin ƙofa.

Na koma na sake awo, wannan karon na bi burtalin har can sama, ƙaya na yagar mini wando, ina duba inda ruwa ya bar shara a jikin aguwa don in san iya tsayinsa. Baba na riƙe mini sandar awo da kansa. Da na tambaye shi girman da yake ganin ya dace, sai ya yi dariya ya ce, "Inda ruwa ke bi na sani. Ƙofar da za ta ishe shi kuwa, ai don ita aka kai ka makaranta." Lissafi ya nuna kwalbatin da za a mayar bakin burtali sai mai baki biyu, ba ɗaya ba. Shi kuma ya ce a kwantar da cikon gefe-gefe yadda shanu za su hau su sauka ba tare da sun rusa shi ba, abin da ko kusa bai zo mini a rai ba. Mutumin da ya yi mako biyu yana jan ƙafa, sai ga shi yana azalzalar leburori kamar zai tashi sama. Yashi ya daina laka, katako ya daina karkacewa.

Da marka ta zo, an yi wani ruwa tun hantsi har azahar. Na je na tsaya a kan kwalbatin, ina jin ruwa na ruri a ƙarƙashin ƙafata, baki biyun duk sun kusa cika. Tsakar gidan Inna kuwa kaji ne ke tono. Ta fito da ƙwaryar fura, ta yi ta sa mini albarka, da iyayena, da 'ya'yan da ban ma haifa ba. Na ce, "Inna, ga wanda za ki gode wa nan zaune." Baba ya miƙo mini ludayi ya ce, "Sha furarka, Injiniya, surutu ya yi yawa."

Mun yi shekara shida muna aiki tare kafin ya yi ritaya. Duk bazara har yanzu nakan kai leburori mu yashe kwalbatin nan kafin ruwa ya sauka, ko da ba ni ke da aikin yankin ba. Ban taɓa gaya wa Baba zancen takardar ba. Na sha ɗaura niyya, in na kalli fuskarsa sai in fasa, ina cewa gara ya tafi bai san na taɓa neman raba shi da abincinsa ba.

Ranar da aka yi jana'izarsa a wajen Ɗanzomo, na zauna a tabarma ɗaya da tsohon ogana, shi ma ya daɗe da barin aiki. Muna hirar mamacin sai na ce masa, alhamdu lillahi da Baba bai san abin da na rubuta a kansa ba. Oga ya juyo ya dube ni.

"Bai sani ba? Ai ranar da ka kawo ta na aika aka kira shi, na karanta masa daga farko har ƙarshe. Na ce ya zuba kankaren nan ya tsira da aikinsa. Ya ce in na ga dama in sa hannu, amma in yi masa arziki in jira ruwa ɗaya ya sauka, kuma kada in gaya maka ya ji."

Aka ɗaga hannu za a yi addu'a, na ɗaga nawa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.