Kafaɗa da Dokar Bene

Kafaɗa ake ce masa, in ka gan shi kuwa ba sai an yi maka bayani ba. Aikinsa kwashe kayan masu tashi daga wannan gida zuwa wancan: gado, kujeru, firiji, har da tukwanen fulawar da wata matar gidan ta fi ji da su a kan mijinta. Da wuyansa ya fara, yana dako a bakin tasha. Yanzu yana da tsohuwar motar kaya mai tari kamar mashayin taba, da abokan aiki: Direba, Dogo, sai na baya-bayan nan, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya mai kula da sito ne a da, kamfanin ya rufe. Da zaman ya yi tsawo, mahaifiyarsu ta kira Kafaɗa ta ce, "Ka riƙe min ɗan'uwanka. In ya koma zaman ɗaki ciwo zai kama shi, ni ma ya kama ni." Ya ce, "To, Umma."

Kafaɗa ba mai yawan doka ba ne, amma yana da guda ɗaya: a kan matakalar bene mutum ɗaya ke magana, wanda ke ƙasa, don a kansa nauyin yake, shi kaya za su danne. To Yaya fa, bakinsa ba ya da birki.

Ranar da abin ya fashe, wadirop mai madubi suke saukowa da shi. Dogo a ƙasa, Kafaɗa a sama. A kwana Dogo ya ce, "Tsaya."

"Wane irin tsaya? Ku karkata hagu!" in ji Yaya.

"Wayyo madubina! Dama, dama!" in ji matar gidan.

Kafaɗa ya rasa wa zai bi, ya ɗan tura. Katako ya matse yatsan Dogo da bango, Dogo ya kurma ihun da ya fito da maƙwabta.

"Yaya, don Allah yi mana shiru!" in ji Kafaɗa.

A gaban mutane! Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Ni? Ni da na koya maka ɗaura wando? Gobe kar ka biyo ta gidana." Ya sauka ya zauna gefen mota, ya harɗe hannu.

Kafaɗa ya bi shi da kallo. Madubi ya tsira, an ɗaure yatsan Dogo, amma me zai je ya gaya wa Umma? Ya ci gaba da jido yana satar kallon Yaya. Sai ya lura duk abin da Direba ya cusa a bayan mota, Yaya sai ya ja tsaki. Katifa ta shiga, tsaki. Aka ɗora tebur kan kwalin kofuna, har rufe ido ya yi kamar an taka masa ƙafa. Mutumin da ya saba tsara sito guda, an mai da shi ɗan riƙe ƙofa. Ba dole bakinsa ya yi ƙaiƙayi ba?

Kafaɗa ya tafa hannu. "Ku zo nan. Bene na wanda ke ƙasa ne, wannan ba canji. Hanya ta Direba ce. Anti, ke za a tambaya me ke fashewa, amma kafin a ɗauka, ba a tsakiyar kwana ba. Bayan mota kuwa na Yaya ne. Ko cokali ba ya shiga sai ya ce."

"Har kai?" in ji Yaya, bai ɗago ba.

"Har ni."

"To sauko da firijin can."

Firijin da Kafaɗa ya ɗora da kansa, sai da gumi ya jiƙe masa riga! Dogo ya fara dariya ƙasa-ƙasa. Kafaɗa ya hau, ya sauko da shi. Yaya ya miƙe ya karkaɗe wando. Aka sauke komai, aka sake jerawa yadda ya ce, masu nauyi ciki, kofuna tsakanin matasan kujera, har aka sami wurin tukwanen fulawar Anti.

Washegari tun kafin Direba ya yi hon, Yaya na bakin titi da igiyarsa a kafaɗa.

Haka suke har yau. A kan bene za ka ga Yaya yana cizon leɓe, maganar na cin sa, amma ba ya furtawa. Da an iso bakin mota kuwa, wallahi ko soja albarka. Kafaɗa yana shan faɗa kullum, yana kuma dariya, don bai taɓa jin aikin ya yi masa sauƙi haka ba.

Kwanaki Umma ta tambaye shi, "Wai tsakaninku wane ne ogan?"

Ya miƙe ƙafa kan tabarmarta ya ce, "Umma, sai kin faɗa min a ina, kan bene ko bayan mota."