Zogalen Maƙwabciyata 'Yar Tsibiri

Shekarun baya, lokacin da na haifi 'yata ta fari, muna zaune can ƙasar waje, a wani ɗan flat na haya a unguwar Sparkhill. Maigidana a Manchester yake aiki, sai ran Juma'a yake dawowa. Mahaifiyata ba ta samu biza ba, don haka kunun kanwa da gasasshen naman jego a waya kawai na ji labarinsu. Ga ruwan nono ya ƙi zuwa sosai. Da ungozoma ta ɗora jaririyar a sikeli sai ta ce ta rame, in ba ta ƙaru ba nan da mako guda za a mayar da mu asibiti.

Maƙwabciyata nas ce, dattijuwa, Kirista, 'yar ƙasar Filifin. Anti nake ce mata. Da ta ji halin da nake ciki sai ta fara kawo mini farfesu kullum kafin ta tafi aiki. In karɓa hannu bibbiyu har da rusunawa, tana juya baya in kawar da kai in juye a shara. Na taɓa jin cewa mutanensu ba sa rabuwa da naman alade, kunya kuma ta hana ni tambaya. Kwana uku ina wannan aika-aika, ina istigfari kan almubazzaranci, in wanke kwano in mayar in ce ya yi daɗi.

Rana ta huɗu ta zo ba kwano, sai leda biyu. Ta ce, "Ƙanwata, duk wanda ya sha farfesuna sai ya yi ƙorafin citta. Ke ba ki taɓa yi ba." Na rasa inda zan sa fuskata. Ta ajiye kaza da takardar shagon halal na Stratford Road manne a jikin ledar. "Ɗauko tukunyarki da wuƙarki. Ke za ki dafa, ni nawa baki ne."

Da ta buɗe leda ta biyu sai ga ɗanyen zogale. Na ce, "Anti, ina kika samo zogalenmu?"

Ta ce, "Naku? Da shi aka yi shingen gidan uwata."

Muna tsinke ganyen tana ba ni labarin garinsu. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a wani tsibiri, ƙauyuka ne a warwatse tsakanin dutse da teku, kowanne da mai unguwarsa. Na tudu suna noman shinkafa da kwakwa, na bakin ruwa masunta ne. Kasuwa sau ɗaya take ci a mako, babban asibiti kuwa sai an hau jirgin ruwa, in teku ta yi fushi a haƙura. Wai da ɓauna suke huɗa. Nan na ce ban yarda ba, ɓaunar da maharbanmu ke gudu? Sai da ta nuna mini hoto, ga ta nan cikin taɓo da igiya a hanci kamar san noma.

Ta ce a cikin masuntan akwai Musulmi, kuma mahaifiyarta ce ke karɓar haihuwa a ƙauyensu. In Musulma ta haihu, tsohuwar ba ta kai mata dafaffe. Ganyen zogale, don yana kawo ruwan nono, da citta take ɗauka, ta je ta dafa a murhun maijegon, da tukunyar gidan. "Laifina ne," in ji Anti, "na daɗe a nan har na manta tarbiyyar uwata." Ni na zubar mata da abinci, ita ke ba ni haƙuri. Hawayen da na yi, na ɗora wa albasa.

Sauran kwanakin makon tana zuwa muna girki, tana gyara mini riƙon jaririya, tana tsare ni sai na shanye. Mahaifiyata ta ce a waya, "Zogale ai kwaɗo ake yi da shi, wa ya taɓa jin farfesu? To, sha dai, Allah ya saka wa baiwar Allahn nan." Ranar awo ungozoma ta dubi sikeli ta yi murmushi, ta ce mu zauna gidanmu. Ko zogalen ne, ko samun wadda za ta zauna kusa da ni ne, Allah ne masani.

Anti ta yi ritaya ta koma tsibirinsu, muna gaisawa har yau. Abin da ya zauna mini shi ne, tsantsenin da na yi ba laifi ba ne, shirun da ƙaryar su ne laifi. Tambaya ɗaya da ta wadatar. Yanzu in na ji wata ɗaliba ta haihu a unguwar Selly Oak ba kowa nata, ko daga wace ƙasa take, nakan ɗauki cefanena ɗanye in hau bas. In ta buɗe ƙofa, bayan barka, abin da nake fara tambaya shi ne me take ci, me ba ta ci, kuma ina tukunyarta.