Addu'ar Da Goggo Ba Ta Shafa Ba

Tun da sauran ƙuruciyarta Goggo take yi wa matan unguwa wankan gawa. Ba gado ta yi ba. Wata rana aka rasa mai yi, ta naɗe hannun riga ta shiga, shi ke nan aikin ya zama nata. 'Yar ƙaramar mace ce mai tsokana. In ta haɗu da tsohuwa a layi sai ta ce, “Ke dai ki riƙa yanke farce, kada ki ba ni aiki.”

Sai ga wannan ciwo ya shigo gari. Zazzaɓi, amai, gudawa, daga baya jini. Abin da ya fi ɗaure kai, masu tausayi yake bi: wadda ta goge wa majinyaci baki, wadda ta wanke masa zanin gado, wanda ya tallabe shi zuwa mota. Aka ce gawa ma ta fi mai rai haɗari. Mutane suka daina gaisawa da hannu, mai shago ya gitta igiya a ƙofarsa. Goggo kuwa in ta ɓullo, mata su janye 'ya'yansu ciki.

'Yarta, wadda suke gida ɗaya, tana goyon jariri. Ta ɓoye mata soso da bokiti.

“Inna, don girman Allah ki bari. In kin kwaso, wannan yaron za ki kawo wa.”

Ana cikin haka ƙanwar Goggo ta rasu. Ma'aikatan lafiya suka zo cikin fararen rigunan roba, ko fatarsu ba a gani. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa.

“Ciki ɗaya muka fito. Ba za ta tafi a hannun baƙi ba.”

Malamar asibitin da ke jagorantarsu ta ce, “Goggo, wanka kam babu. Amma in za ki sa irin kayanmu, ki shiga ki suturta ta da hannunki.”

Aka zura mata riga da takalmi da safar hannu, aka rufe fuska. Ta ce, “Yau ko uwata ba za ta shaida ni ba.”

Ta shiga. Ta miƙar da ƙanwarta, ta rufe mata ido, ta naɗe ta, tana kiran sunanta a hankali.

A tsakar gida aka fesa mata magani, aka soma cire kayan ɗaya bayan ɗaya. An buɗe mata fuska, saura safar hannu, sai maza a waje suka ɗaga murya da addu'a. Goggo ta ɗaga tafukanta ta ce amin, ta kawo su za ta shafa, kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

“Hannu, Goggo!” in ji malamar asibiti.

Hannuwan suka tsaya cak a gaban hancinta.

“Kin taɓa leɓenki?”

Da ta ce a'a, da a gida za ta kwana. Goggo ta dubi jiƙaƙƙun yatsun nan.

“Wallahi ban sani ba, 'yar nan.”

Aka keɓe ta a wani ɗaki a bayan asibiti. Kullum 'yarta za ta tsaya nesa da taga, yaro a baya, tana faɗa tana kuka.

“Sai da na gaya miki, Inna!”

“Kin gaya mini. Juyo min shi in gani.”

In sun tafi, Goggo ta zauna tana juya tafin hannunta. Ƙwayar cuta, halittar da ido bai taɓa gani ba, ɗan yatsa guda ya ishe ta zama, amma ta rufe kasuwa, ta raba uwa da ɗa. Ta wanke gawar mata ba adadi, ta ɗauka ta san mutuwa, ashe bayanta kawai take gani. Sai ta ce, “Tsarki ya tabbata ga Mai iko.” Ko ɗan ɗumin rana ta ji a goshi, sai ta ɗauka zazzaɓin ne ya zo.

Kwanakin da aka ɗiba suka cika, zazzaɓi bai zo ba. Da aka buɗe ƙofa 'yarta ta kwance goyo ta miƙo. Goggo ta mai da hannuwanta baya, tana kallon malamar asibiti.

“Karɓi jikanki, Goggo. Lafiyarki ƙalau.”

Ta karɓe shi. Ko zama ba ta yi ba ya tsula mata fitsari a zani.

“Kai, maigida! Da wannan ake tarbar matafiyi?”