Mai-Sifana, Mai Sauraren Ƙashin Keke

Kowace safiya, kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙofofinsu, Mai-Sifana ya riga ya share gaban rumfarsa, ya rataye ƙasusuwan kekuna a igiya kamar mahauci ya rataye nama. Firam suke ce wa abin, wato ƙarfen da sirdi da tayoyi da kan keke duk suke hawa kansa. Sai ya bi su yana ƙwanƙwasawa da sifana, ya kara kunne. Wanda ya yi amo mai tsawo ya bar shi. Wanda ya yi dum kamar tsohon kwano ya jefa shi bayan rumfa, ko da fentinsa na ɗaukar ido. Tun ina da baƙin gashi nake ganinsa a haka. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya.

Bai taɓa haɗa wa mutum keke ba sai ya tambaye shi me zai ɗora, kuma wace hanya zai bi. Mai burodin layinmu shaida ne. Ya taɓa kawo masa wani firam mai ƙyalli, Mai-Sifana ya ƙwanƙwasa ya ce ba zai taɓa shi ba. Mai burodi ya yi fushi ya kai wata rumfa aka haɗa masa. A gangaren gada wuyan keken ya ɓalle, burodi ya watse a kwalta, haƙoransa na gaba suka bi burodin. Mai-Sifana ya je dubiya, bai ce masa ai na faɗa maka ba. Da ya warke ya haɗa masa wani, shi yake hawa har yau.

Bana abin ya zo gidana. Ɗana mai aikin famfo ne, kuɗin mota ya ishe shi, ya ce keke zai haɗa wanda zai yi masa komai: da safe ya kai 'yarsa makaranta, da rana ya ɗauki akwatin kayan aiki da bututu, da yamma ya ɗoro buhun cefane. Yarinyar nan ita ce jikata ta fari, amaryata nake ce mata. Makarantarsu kuwa tana hayin gada, sai an bi gangaren nan tsakanin tireloli. Tun da ya faɗa na daina jin daɗin abinci.

Na tasa shi gaba muka je, yana rungume da wani jan firam marar nauyi da ya saya. Mai-Sifana ya juya shi, ya ce, "Wannan na 'yan tsere ne. Ina za ka ɗaura kariyar ɗora kaya? Ko ƙofar ƙusa ɗaya babu a bayansa."

Ɗana ya ce, "Baba, ai da yatsa biyu nake ɗaga shi."

"To ka ɗora 'yarka a kan yatsun."

Ya shiga ciki ya jawo wani tsohon firam na ƙarfe, mai doguwar ƙafar baya, fentinsa duk ya kwaile. Ya ce wannan zai ɗauki taya mai faɗi, kuma dugadugan mahayi ba za su riƙa dukan ƙafar yarinya ba. Ya rataye shi ya ƙwanƙwasa. Ya sake. Ya juyo da ɗaya kunnen ya sake. Sannan ya dube ni.

"Dattijo, ka ji ya yi ƙara?"

Na ce, "Ni kake tambaya?"

Ya ce, "Kunnen ya tafi. Tun bara nake lallaɓawa."

Ɗana ya ce a haɗa kawai, ai da gani lafiyayye ne. Na daka masa tsawa. Mai-Sifana bai kula mu ba. Ya ɗauko wuƙa ya kankare fentin kowace gaɓa da aka yi wa walda har farin ƙarfe ya fito, ya bi da farce. Sannan ya kafa haɓarsa a kan bututun firam ɗin, ya rufe ido, ya ce wa ɗana, "Buga." Ya buga. "Ba nan ba, can ƙasa wajen feda. Kai da guduma kake gyaran famfo ne? A hankali." Haka suka bi firam ɗin kaf, yana jin rawar ƙarfen a ƙashin fuskarsa. Da ya ɗago ya ce, "Lafiya lau yake. Amma ban yarda da kaina ba."

Ranar da ya gama haɗawa, ya ɗaure buhun yashi a kariya, wanda ya fi yarinyar nauyi, ya ƙara akwatin ɗana, ya tura keken har kan gada. Na bi shi ina cewa, "Kai, sauka! Kana da jikoki!" Ya ce, "Kai ma kana da ita." Ya hau. Ina tsaye na ga farar hularsa ta shige tsakanin tirela da tankar mai, ga shi ko an yi masa oda ba ji zai yi ba. Salati kawai nake. Can sai ga shi a ƙasan gangaren, ya matse birki, ya sauka, ya tsuguna yana shafa wuyan keken. Da ya turo shi sama yana haki, ya miƙa wa ɗana ya ce, "Ɗauki 'yarka. Wannan ne na ƙarshe. Ba zan ƙara ɗora ɗan mutum a kan abin da ban ji ba."

Mai-Sifana, kai ne ka fi tsoron karyewar keken wani fiye da rufewar rumfarka. Kai ne ka hau gangaren da ba naka ba don jikar wani ta sauka lafiya. Na gode, Allah ya saka maka, ya ba ka masu riƙe ka yadda ka riƙe 'ya'yan mutane.

Ku kuma masu gyaran da suka rage, da ku nake. Na ga wanda ke cike tsaga da kwaɓi ya bi da fenti, kuma ya yi barci. Ku ji tsoron Allah. Mutumin nan yana nan da ransa, ku je ku tsuguna gabansa ya nuna muku inda ake bugawa, tun yatsunsa na motsi. Akwai jikokin wasu da za su bi gangaren nan gobe.

Tawa dai tana wucewa ta gaban rumfarsa kullum da safe, ta miƙa hannu ta ƙarƙashin hamatar ubanta ta kaɗa masa ƙararrawa. Na ce mata ba ya ji. Ta ce, "Kaka, ai yana ɗaga hannu."